Sunanta Ayashe

"A'a."

Kalma ɗaya ce ta fito daga bakin Auta, amma falon ya yi tsit kamar an ɗauke wuta.

Umma, uwar mijinta, ta sauke kofin shayin da ke hannunta a hankali.

"Me kika ce?"

"Na ce a'a, Umma. Ki yi haƙuri. 'Yata tana da suna."

Kwananta kaɗan da dawowa daga asibiti. Ɗinkin da aka yi mata bai warke ba, ko zama sai an tokare mata baya da matashi. Amma yadda ta ƙanƙame jaririyar a ƙirji, ka rantse wani ne ya miƙo hannu zai ƙwace ta.

A hannun kujera Gimbiya ce zaune, 'yar ƙanwar Umma, waya a hannu, farce zaƙo-zaƙo. Tana da wani shafi na sunayen jarirai da mata ke bi kamar ƙudaje, kuma yanzun nan ta gama karanto sunan da ya fi tashe a bana, wani suna mai santsi wanda rabin yaran layin ke amsawa. Umma ta ce shi ke nan, an gama magana.

"To fa!" Gimbiya ta yi 'yar dariya. "Mu ji sunan, amarya mai jego."

Auta ta ɗago kai.

"Ayashe."

Gimbiya ta dafe ƙirji.

"A... me? A yashe ta? A jefar ke nan fa, Umma! A watsar a bola!"

"Sunan mahaifiyata ne."

"Allah ya ji ƙanta," in ji Umma, murya a daƙile. "Amma ba da jikata ba. Wannan ai camfi ne na mutanen da. Kina so a shiga makaranta ana nuna ta da baki?"

"Ban ce suna yana hana mutuwa ba, Umma. Allah ke rayawa, shi ke kashewa. Na ce sunan uwata ne, kuma mun riga mun yi magana da uban yarinyar."

Duk idanu suka koma kan mijinta, Dogo.

Yana tsaye jikin ƙofa, kansa ya kusa taɓa saman ta. Ɗan kwana-kwana ne, mutumin da ke kutsawa cikin gidan da ke ci da wuta ya fito da mutane a kafaɗa. Yau ga shi ya zuba wa tayil ido kamar an ce ya ƙirga su.

"Masoyi," Auta ta kira shi a hankali. "Faɗa musu."

Bai ɗago kai ba.

"Dogo..."

"A bi maganar Umma kawai," ya ce, bai ko dube ta ba.

Wani abu ya tsinke a ƙirjinta, ya fi ɗinkin zafi.

*

Ba haka ta san shi ba.

A shagon tabarau take aiki, ita ke gwada idon mutane. Ranar da ya fara shigowa, idanunsa jajur saboda hayaƙi, ta zaunar da shi gaban allon haruffa. Ya karanta manya, ya karanta ƙanana, har da sunan kamfanin da ya buga allon a can ƙasa. Ta ce lafiyarsa ƙalau, ya je ya wanke ido. Bayan mako ya dawo wai ba ya gani sosai. Wani makon ma ya dawo. Ran nan ta ajiye fitilar gwaji ta ce, "Malam, in aurena kake so ka faɗa, layi ya yi tsawo a waje."

Ya faɗa kuwa.

Umma ba ta so ba, don ta daɗe da ajiye masa Gimbiya a ranta. Amma ya tsaya kai da fata, aka yi.

Haihuwarsu ta fari namiji ne. Bai yi wata a duniya ba ya koma. Dogo da hannunsa ya ɗauke shi zuwa maƙabarta, ya dawo gida bai yi kuka ba, bai kuma ƙara ambatonsa ba. Da wannan cikin ya samu, aka ce mace ce, Auta ta ɗora tafinsa a kan cikinta ta ce tana son sunan mahaifiyarta. Ya sumbaci goshinta ya ce, "Duk abin da kike so, hasken idona."

Ashe alkawari a ɗaki daban, alkawari a gaban uwa daban.

Su Umma na fita ta shiga ɗaki ta jawo akwati. Ya biyo ta ya rufe ƙofa.

"Me kike yi haka?"

"Abin da idonka ya gane maka. Ai lafiyarsu ƙalau, ni na gwada."

"Auta, ki tsaya mu yi magana."

"Lokacin magana ya wuce a falo! Kana tsaye aka ce sunan uwata na bola ne, ko tari ba ka yi ba. Kai da ke shiga wuta, yau suna ne ya ba ka tsoro?"

"E!"

Tsawar ta sa jaririyar ta zabura. Ya sassauta murya.

"E, tsoro nake ji. Ba Umma ba ce, ni ne. Na ɗauka zan iya. Da aka miƙo min ita a asibiti na buɗe baki zan kira ta, sai harshena ya ƙi. Na rufe ɗaya da ƙasa, Auta. Da wannan hannun. Ta yaya zan dubi wannan kullum safiya in ce a yashe ta?"

Hannunta ya tsaya cak a kan zif ɗin akwati. Hawaye suka cika mata ido, ta ji kamar ta je ta rungume shi. Amma ta tuna dariyar Gimbiya.

"Da ka faɗa min wannan tun a asibiti, da mun yi kukanmu tare. Sai ka bari aka tara min mutane, ka ɓuya a bayan zanen uwarka. Ni ma na haife shi, Dogo. Ni ma na rasa shi. Ba kai kaɗai aka yi wa mutuwa ba."

"Hasken idona..."

"Kar ka ƙara kira na haka sai ranar da ka iya kiran 'yarka."

Ta saɓa jaririyar, ta ja akwatin da hannu ɗaya tana cije leɓe saboda ciwo. Ya miƙo hannu zai taya ta.

"Bari. Zan iya."

*

Gidan mahaifinta ɗaki biyu ne a saman wani tsohon bene, baranda cike da tukwanen furen da marigayiya ta bari. Baba ya buɗe ƙofa ya ga akwati, ya ga jaririya, bai tambayi komai ba. Ya karɓi jikarsa ya zauna.

Sai da Auta ta gama zayyana masa komai sannan ya yi ajiyar zuciya.

"Kin san uwarki ta yi shekaru tana ɓoye sunan nan?"

"Na sani, Baba."

"Ba ki san rabinsa ba. Kakarki ta haifi 'ya'ya a jere, duk suna komawa tun suna tsumma. Da aka haifi uwarki, kakanki ya kasa ko leƙa fuskarta. Ya ce a yashe ta kawai, kar a saba da ita, ita ma tafiya za ta yi. A bakinsa ke nan. Amma duk wanda ya fita tsakar gida sai ya gan shi a bakin taga yana sauraron numfashinta. Haka mutanen da suke yi in mutuwa ta dame su. Su nuna kamar ba su damu ba, alhali ransu na kan abin. Sai ga ta ta rayu, ta yi ƙiba, sunan ya bi ta."

Ya gyara wa jaririyar hula.

"A makaranta aka yi ta yi mata dariya har ta sauya. Ni kaina da wani suna na aure ta. Sai a ciwonta na ƙarshe ta ce min, tun da babanta ya rasu ba wanda ya kira ta da sunan da aka so ta da shi. Daga ranar na koma kiranta Ayashe har ta cika."

Auta ta share hawaye da bakin mayafi.

"Shi ya sa ba zan janye ba."

"Ban ce ki janye ba. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yaron nan ba mugu ba ne, mai rauni ne."

"To ya je ya yi jinya. Ni ma da nawa raunin na tsaya."

Baba ya yi murmushi ya girgiza kai.

"Taurin kan nan ma gado ne."

Kullum sai Dogo ya kira.

"Yaya jikinki?"

"Da sauƙi."

"Yaya... yarinyar?"

"Wace yarinya? Yara sun yi yawa a duniya."

"Auta, don Allah..."

"In ka tuna sunanta ka sake kira."

Ƙit, ta kashe. Sannan ta kifa fuska a matashi ta yi kuka mai isarta, don Allah ya sani kewarsa kamar ta kashe ta. Har ƙaurin hayaƙin da ke bin rigarsa, wanda da take yi masa tsiya a kai, yanzu nema take.

*

Ranar da ta ji ƙarfin jikinta ta ɗauki jaririyar ta leƙa shago don abokan aiki su gan ta. Tana shiga ta lura da yadda suke kallon juna. Madubai ko'ina, ba inda mutum zai ɓoye fuska. Mai karɓar baƙi ta ja ta bayan kantar gilasai ta miƙo mata waya.

"Gara ki gani da idonki."

Shafin Gimbiya ne.

Hoton 'yarta ne, tana barci cikin farin tawul, hoton da aka tura wa dangi kaɗai. A sama an rubuta da manyan baƙaƙe: SUNAYEN DA YA KAMATA A BINNE SU DA MASU SU. A ƙasa an fassara sunan, wai ma'anarsa shara, wai babu mai sa shi yanzu sai wadda ke son yi wa dangin miji habaici. An kuma ce mata su zaɓa, a bar wa jaririya ko a cece ta.

Dariya rututu a ƙasa.

Auta ta karanta har ƙarshe. Ta mayar da wayar, ta gyara goyonta, ta tare mota.

Ko sallama ba ta gama ba ta faɗa falon Umma. Gimbiya na kwance a doguwar kujera tana shafa mai a ƙafa.

"Cire hoton 'yata."

"Ikon Allah! Ba gaisuwa?"

"Umma, ina wuni. Ke kuma cire hoton 'yata kafin in ƙirga uku."

"Wane hoto?" Umma ta tambaya tana duban su.

"Ilimi nake ba mutane, Umma," in ji Gimbiya tana tashi zaune. "Aikina ne. Na bincika, sunan nan ko a jerin dubu ba ya ciki. Kuma kowa ya san da ku take. Wai kun yashe ta tana da ciki, shi ne za ta liƙa muku a goshin jikarku."

"Ƙarya kike yi!" Muryar Auta ta cika falon. "Ba sunan ne ya dame ki ba, uban yarinyar ne. Shekara nawa kina jiran in faɗi ki ɗauka? To ki ji da kyau. Ko na bar shi, ba ki isa ki taka inda na taka ba. Uwata ta amsa sunan nan, ta yi aiki, ta tarbiyyantar da mu, ba ta taɓa tallan jaririn wani don a tafa mata ba. Ke da naki sunan mai daɗi, me kika yi da shi?"

Gimbiya ta miƙe tsaye.

"Umma, kina ji tana zagina a gidanki?"

Amma Umma ta riga ta karɓe wayar. Ta sa tabarau, wanda Auta ce ta yanka mata shi, ta daɗe tana kallon hoton. Fuskarta ta sauya.

"Jikata ce wannan kika baje a kasuwa ana yi mata dariya?"

"Umma, ai don..."

"Cire. Yanzu."

Gimbiya ta karɓi wayar ta cire.

Umma ta juyo ga Auta.

"An cire. Amma kar ki ɗauka na sauya magana. Har gobe ba na son sunan nan."

"Na sani, Umma. Ina girmama ki, kuma ba zan daina ba. Amma ni na ɗauki cikinta, ni aka yanka aka ciro ta. Ko duniya za ta taru a kaina, sunanta Ayashe."

Ta juya za ta fita, sai ta yi kiciɓis da shi a bakin ƙofa. Da kayan aiki a jikinsa, gumi na bin wuyansa, da alama shi ma labarin hoton ne ya taso shi. Ya rame. Idanunsa suka sauka kan ɗan kan da ke leƙowa daga goyo.



"Ga ta nan," ta ce a hankali. "Kira ta."

Leɓɓansa suka motsa. Ta ga maƙogwaronsa ya hau ya sauka.

Ba abin da ya fito.

"Matsa min in wuce."

Ya matsa.

*

Ranar rigakafi asibitin yara cike yake maƙil. Benci-benci na mata, kukan jarirai, fanka na juyawa ba ta kawo iska. Auta ta miƙa katin 'yarta ta samu gefe ta zauna. Ta lura da wasu mata biyu a gabanta suna waiwayenta suna ƙus-ƙus. An cire hoto, amma baki ba ya gogewa.

Ta ɗaga haɓa ta ƙura musu ido har suka juya.

Nas ta fito da kati a hannu, ta kira suna ɗaya, iyaye huɗu suka miƙe, aka yi ta dariya ana tantancewa. Sannan ta ɗago na gaba, ta yamutsa fuska.

"Wannan kuma an yi kuskuren rubutu ne? Aya... A'isha ake nufi?"

Matan nan biyu suka tuntsire.

Auta ta yunƙura za ta tashi, bakinta cike da amsa.

"Ba kuskure ba ne."

Muryar daga bayan ɗakin ta fito, mai kauri, wadda ta saba ba da umarni cikin ƙarar wuta. Kowa ya waiga.

Dogo ne tsaye, shi kaɗai namiji a cikin taron mata.

"Ayashe," ya ce. Muryar ta ɗan karye, ya sake faɗa da ƙarfi. "Sunanta Ayashe. Ni ne ubanta. Akwai mai magana?"



Ya ratso tsakanin benci, mata na janye ƙafa, ya zo ya durƙusa a gabanta a kan simintin asibiti.

Auta ta kau da kai don kar ya ga idonta.

"Wa ya gaya maka muna nan?"

"Baba. Jiya na je wurinsa kina wanka, muka tsaya a ƙasan bene. Ya ba ni labarin kakanki da taga." Ya sunkuyar da kai. "Auta, ni na ɗauka wanda ya raɗa sunan nan marar imani ne. Ashe irina ne. Mutumin da ya binne nasa, yana tsoron ya so wani. Ni ma tun da aka haife ta a bakin taga nake tsaye."

Hawayenta suka zubo.

"Ka bar ni ni kaɗai a gaban mutane."

"Na bar ki. Ba ni da hujja. Ki hukunta ni yadda kike so, amma a gida, inda zan riƙa ganinku."

"Umma fa?"

"Na gaya mata da safe. Ta ce ita Uwata za ta riƙa kiranta, ba za ta iya da sunan ba. Na ce wannan tsakaninta da jikarta."

"Gimbiya ba za ta ƙara taka min ɗaki ba."

"Ko layinmu."

"Kuma ban huce ba."

"Na sani, hasken idona. Yanzu na samu izinin faɗa?"

Dariya ta kuɓuce mata a tsakiyar kuka. Ta kai masa ɗan duka a kafaɗa.

"Malam, soyayyar a bari sai an je gida," in ji nas tana murmushi. "Layi ake bi. A kawo min Ayashe."

Wata dattijuwa da ta rako jikarta ta dafa hannun Auta lokacin da za su wuce.

"'Yar nan, rabon da in ji sunan nan tun ina yarinya. Maƙwabciyarmu ce mai shi, sai da ta ga tattaɓa-kunne. Allah ya raya miki."

"Amin, Mama."

A ɗakin allura Dogo ya ce shi zai riƙe ta. Ya zauna ya ɗora ta a cinya, tafinsa ɗaya ya kusa rufe ta gaba ɗaya. Nas ta goge 'yar cinyar da auduga. Allura na shiga yarinyar ta tsala ihu, fuska ta yi jajur, 'yan hannuwa na dukan iska.

Sai ga ƙaton mutum yana hawaye shaɓe-shaɓe. Kukan da bai yi ba ranar da ya dawo hannu wofi, yau ya zo masa gaba ɗaya, a gaban nas, a gaban matarsa, bai ko yi ƙoƙarin ɓoyewa ba.

Ya ɗaga ta ya manna a ƙirji yana jijjigawa.

"Yi kukanki da ƙarfi, Ayashe," ya ce cikin kunnenta. "Yi kowa ya ji. Babanki na nan, ba inda za shi."

Auta ta ɗauki jakar, ta zura hannu cikin nasa.

"Tashi mu tafi gida, ka ba mu kunya haka nan."